Dutsen Sama a Gonar Nomau

Ko a makon jiya sai da wasu samari biyu daga Gesse suka zo mini da dutse a cikin ledar burodi, suna tafe suna waige kamar waɗanda suka sato akuya. Wai a waya suka ga an sayar da wani dutse da ya fito daga duniyar Mars a kan kuɗin da zai sayi unguwarsu, kuma nasu kamarsu ɗaya sak. Na karɓa, na juya shi, na ga ramukan kumfa a jikinsa, na miƙa musu abinsu. Kashin maƙera ne, irin wanda ke zube a duk inda kakanninmu suka taɓa narka tama. Ɗayan ya ɓata rai ya ce, "To ai Baba aikin naku bai da wuya, tsintuwa ce." Maganar nan ta tsaya mini a rai har yau. Shi ya sa na ce bari in faɗa muku yadda tsintuwar take, ku da kuke yi wa rogo kallon kitse.

Sunana Garba, a Birnin Kebbi aka haife ni, kuma ban gaji sana'ar duwatsun sama ba, domin babu wanda ya gaje ta a ƙasar nan. Da kanwa na fara. Ina saye a hannun wani Buzu mai suna Agali da ke saukowa ta Kamba, in kasa a kasuwa. Wata rana na zazzage buhu sai ga baƙin dutse naɗe a tsumma, ya mance shi a ciki. Na ɗauka cuta ce, an sa mini dutse don buhu ya yi nauyi, na bi shi masauki ina ta faɗa. Ya bar ni na gama, sannan ya karɓi dutsen da hannu biyu ya ce, "Wannan da ka gani ya fi kayan raƙumina duka. Daga sama ya faɗo." Na yi dariya. Shi bai yi ba, kuma rashin dariyar tasa ce ta sa na koma wurinsa washegari.

Na daɗe ina ɗaukar masa jaka kafin ya yarda in buɗe baki a kan dutse. Sai ya sa in rufe ido, ya ɗora mini ɗaya a tafin hannu ya ce in faɗi abin da na ji. In na ce dutse ne, ya ƙwace ya ce ko jaki ya san haka. A hankali hannuna ya koyi nauyin, domin yawancin na sama sun fi na ƙasa nauyi in girmansu ɗaya. Idona ya koyi ɓawon, wani siririn baƙi kamar ƙanzon tukunya, wanda wutar shigowa ke bari a jikinsa. Akwai kuma 'yan lotsa-lotsa, sai ka ce an danna yatsa a cikin yumɓu. In har yanzu da shakka, sai a goga ƙarshensa da magagari kaɗan, a duba da gilashin ƙara girma. Na gaske zai nuna ɗigon ƙarfe mai ƙyalli da 'yan ƙwayoyi zagayayyu ƙanana. Wanda ya goga da yawa ya rage wa kansa kaya, wanda bai goga ba kuma ya sayi marmara.

Kayan aikin ke nan, sai sikeli ƙarami da mayen ƙarfe ɗaure a zare. Mayen ƙarfen nan shi ne abokina na shekaru, ko masallaci da shi nake zuwa. Sai ga shi a 'yan shekarun nan masu binciken duwatsun sama sun aiko mana cewa mu daina kusantar da shi. Wai dutse yana riƙe da wata alama ta duniyar da ya baro, kuma mayen ƙarfe na shafe ta tas da taɓawa ɗaya. Ku duba, abin da muka yi shekaru muna gwada gaskiyar dutse da shi, ashe ɓarna yake yi. Yanzu sai ido da hannu, ga idon ya fara gajiya.

Masu sayen ma ba irin waɗanda kuke zato ba ne. Ni ban taɓa ganin wanda dutse ke ƙarewa a hannunsa ba. Ina da mutum a Agadas, shi kuma yana da nasa a can arewa, har abin ya kai ga masu binciken da ke yanka shi siriri su haska. Daga bakin mutumin nawa nake jin abin da suka gano. Shi ya gaya mini wasu duwatsun ɓaraguzan wata ne, wasu na Mars, amma mafi yawa ragowar kayan da aka gina duniyoyi da su ne, sun girmi ƙasar da muke takawa. Shi ya gaya mini an harba wata na'ura ta yi shekaru tana tafiya, ta je ta taɓa wani ƙaton dutse mai yawo a sararin samaniya, ta ɗebo ƙurarsa ta jefo a akwati rufaffe. Da suka buɗe suka sami sinadaran da jikin mai rai ke ginuwa da su, da gishirin da ruwa ke bari in ya ƙafe, har da dangin kanwa. Ranar na so a ce Agali na da rai. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan kanwa a hamada, a ce masa akwai ta a sama.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce mummunar shekarata. Hanya ta toshe, kaya ba ya fita, a daidai lokacin kuma labarin dutsen Mars ya cika wayoyi. Kowa ya zama masani. Aka riƙa ƙona duwatsun rafi da taya, a shafa musu man takalmi a kawo. Wani ma ya kawo mini guntun injin niƙa. Jabu ya yi yawa har na arewa suka daina amsa kiran duk wanda ke wannan ɓangaren, mai gaskiya da maƙaryaci. Na koma kasa kanwa, ina zaune ina kallon sama kamar mai jiran baƙo. Ban iya zama wuri ɗaya ba, ko ƙofar mota aka buga da ƙarfi sai na miƙe.

Aikin da nake so ku ji shi ne na gonar Nomau, a bazarar da ta biyo bayan wannan shekarar. Ina Argungu ranar, na je duba wani dutse da wani masunci ya jawo a komarsa, wanda ya tashi a banza. Da hantsi, sama fes babu ko ɗigon girgije, sai muka ji ƙara sau biyu kamar tifa ta juye duwatsu, sannan wani rugugi ya bi baya. Na ɗaga kai na ga farin hayaƙi ya ja layi ya nufi wajen Birni. Masu cewa jirgi ne na yi, masu cewa aradu ce na yi. Ni kuwa tuni na haye kabu-kabu, ko sallama ban yi wa masuncin ba.

Ba a bin dutsen da ya faɗo da taswira, da yatsun mutane ake binsa. Duk ƙauyen da muka tsaya sai in tambayi ta ina aka ji, a nuna mini gaba. A Ambursa aka fara nuna mini gefe, wajen fadama. Da muka gangara fadamar Zauro sai na tarar da manoman rani tsaye cirko-cirko a bakin gonakin shinkafa. Suka ce abubuwa sun zubo cikin ruwan fangalai, sun ji facal-facal. Na tuɓe takalmi na shiga inda suka nuna, na lalubo. Babu dutse, sai wani baƙin taɓo da ya bambanta da na fadama, yana warin ashana da kwalta.

Nan na gane irin dutsen da ya faɗo. Agali ya taɓa ba ni labarin irin wannan, shi ma sau ɗaya ya gan shi a rayuwarsa. Baƙi ne, marar nauyi, mai taushi, ɗan uwan ƙurar nan da aka aika na'ura ta ɗebo. Ruwa ne ajalinsa, yana shiga yake sakin jiki. Ga shi ya rasa inda zai zubo duk faɗin ƙasar nan sai fadamar shinkafa. Na bi fangali-fangali ina laluben taɓo, raina na ƙuna, har wani ya ce mini akwai guda da bai faɗa ruwa ba, yana gonar Nomau, amma kada in je.

Na je. Nomau magidanci ne da ya fara furfura, shinkafarsa ta nuna, ranar ma ya ɗauko 'yan ƙwadago suka fara yanka. Dutsen ya faɗo a kan tarin bunun shinkafar da suka tara a tudu, ya lotsa shi ya kwanta a bushe. Ya kai dunƙulen hannuna biyu, ɓawonsa cikakke, ko tsagewa bai yi ba. 'Yan ƙwadagon sun watsar da laujensu sun koma can nesa tare da sauran jama'a. Nomau kaɗai ke zaune a kan kunyar gona, ya haɗa kai da gwiwa.

A bakin mutanen na ji abin da ya faru. Bara rikicin iyaka ya haɗa Nomau da maƙwabcin gonarsa, aka je gaban maigari. Da magana ta yi zafi, Nomau ya miƙe a gaban kowa ya ce in ya ci iyakar wani ko da taki ɗaya, aradu ta faɗo masa a gona. Aka bar masa wurin a kan rantsuwarsa. To yau ga ƙara daga sama, babu hadari babu iska, ga abu kwance a tsakiyar gonar tasa.

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Malam Nomau, wanga ba aradu ba ta. Dutsi na, daga sama yaf faɗo, kuma ya zubo gonakkin mutane da yawa, ba taka ɗai ba. Sana'ata ke nan, na san shi."

Ya ɗago ya ce, "Na sauran duk ruwa ya shanye, nawa ɗai ag ga shi kwance kowa na gani. Ni na san ban ci iyakar kowa ba. Amma bakina yaf faɗi, kowa ya jiya. Mi za ni ce musu?"

Na kira mutumina na Agadas, wanda ya yi watanni bai ɗaga mini waya ba. Da na kwatanta masa warin da rashin nauyin, sai muryarsa ta canza. Ya ce kada ruwa ya taɓa shi, kada fatar hannu ta taɓa shi, in sa safar hannu sabuwa in naɗe shi a takardar nan mai ƙyalli, in rufe a kwalba. Ya ce irin wannan masu binciken da ƙafarsu za su zo, kuma za a sa wa dutsen sunan garin da ya faɗo. Na aika mai kabu-kabu Birni ya sayo kayan. Ni kuma na ari kwano na kife a kan dutsen, don gabas ta fara haɗa gajimare.

Daga nan ban sake zama ba. Na je wurin liman, ya ce shi ma ya faɗa musu camfi ne, dutse ba ya shari'a. Na je wurin maigari, ya ce shi ba zai iya kama hannun ɗan ƙwadago ya sa shi yanka ba. Na koma wurin 'yan ƙwadagon, babbansu ya ce ko an ninka musu lada ba za su ci daga gonar da aradu ke kwance ba. Shinkafa kuwa ta bushe a tsaye, in ruwan farko ya sauko ko gulbi ya taso, ta tafi. Duk inda na juya sai in waiga in ga ko kwanon na nan.

Wajen la'asar mahaifiyar Nomau ta iso, Inna Hajo, tsohuwa 'yar firit da sanda. Ita ta zo da maganin da kowa a wurin ya yarda da shi. Tun kaka da kakanni, in aradu ta faɗi, nono ake nema, domin shi kaɗai ke kashe zafinta. Ta ce ta aika ruga, da safe za a kawo, a tsoma abin a ciki a gaban jama'a, kowa ya gani.

Na ce, "Inna, don Allah ki saurare ni. In kunka sa shi cikin nono, ya lalace ke nan. Ku ba ni shi in tafi da shi, abin da za ku samu ya fi shinkafar ga nesa ba kusa ba."

Ta ce, "Ɗana, na jiya. In kat tafi da shi, sai a ce Nomau ya sai da shaida don ya rufe bakinta. Kai gobe kana Birni, mu nan muke. Nan za a yi wa ɗiyanai aure, nan za a rufe shi."

Na ce, "To a ɓantara mini rabi, ko ɗan kaɗan."

Ta ce, "Ba a raba aradu."

Na juya ga Nomau, shi ne mai gona. Na ga ya so maganata, domin ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya dubi can inda maƙwabcin nasa ke tsaye cikin mutane ya harɗe hannu, ya ce, "Malam Garba, kuɗɗi na ƙarewa. Yi haƙuri."

Za ku ce me ya hana ni ɗauka in gudu, tunda ba mai iya matsowa kusa. Na san za ku ce haka, domin ni ma na ce wa kaina. Amma dutsen da aka sato ba shi da gari, kuma irin wannan in ba a san inda ya faɗo da ranar da ya faɗo ba, rabin darajarsa ta zube. Ban da haka, in aka wayi gari babu shi, za a ce Nomau ne ya ɓoye, ba Garba ba. A ƙauyen na kwana, ina fata nonon ya ƙi samuwa ko tsohuwar ta sake shawara.

Da safe sai ga wata Bafulatana da ƙwarya cike, ta ajiye daga nesa ta ja baya. Jama'a ta taru fiye da ta jiya, har daga Ambursa. Na sake gwada Inna, na sake gwada Nomau, na ce a jinkirta zuwa azahar ko mutanen Birni za su zo su yi bayani. Babban 'yan ƙwadagon ya nuna gabas da haɓa, inda hadari ya yi baƙi, ya ce in za a yi a yi. Aka kawo ƙwaryar kusa da tarin bunun. Sai kuma aka tsaya, domin babu wanda ya yi tunanin wa zai ɗauko. Nomau bai kamata ya taɓa ba, shi ake tuhuma. Sauran kuwa ko da kuɗi ba za su taɓa ba.

Inna Hajo ta dube ni ta ce, "Kai da ba ka tsoro nai, ɗauko muna."

Sai na ga idan na ƙi, da sanda za su tunkuɗa shi ya farfashe a ƙasa, kuma a ce ko masanin ma ya ji tsoro. Na zaro safar hannun da aka sayo jiya na sa. Na ɗage kwanon.

Tunda nake ban taɓa riƙe abu irinsa ba. Ba shi da nauyin da hannuna ya saba, ɓawonsa baƙi ƙirin mai laushi, a ƙasansa inda ya ɗan goge ana ganin fararen ɗigo-ɗigo. Warin nan na nan. Na tsaya da shi a hannu fiye da yadda ya kamata, ina juya shi, ina ƙoƙarin in haddace kowane gefe, har Inna ta yi gyaran murya. Baƙin cikin da na ji a lokacin ban ji irinsa ba ko ranar da aka gaya mini Agali ya rasu. Na sunkuya na sa shi a cikin nonon da hannuna.

Da farko babu abin da ya faru. Sannan 'yan kumfa suka fara tasowa, nonon ya yi toka-toka daga tsakiya. Inna ta sa ludayi ta taɓa shi, sai ya dare gida biyu, ta sake dannawa ya saki jiki kamar fura. Tana damawa nonon na yin baƙi, har ludayin ya daina cin karo da komai.

Wani dattijo ya matso ya leƙa. Ya ce shi ya ga gatarin aradu tun yana yaro, ko shekara ya yi a nono ba ya narkewa. Ya ce, "Wagga ta zo, ta duba, ba ta iske laifi ba, ta narke." Maganar ta bi bakin mutane har baya. Ni na san abin da ya narkar da shi, kuma na ja bakina na yi shiru. Maƙwabcin ya sauke hannunsa, ya zo ya ba Nomau hannu. Inna ta ɗauki ƙwaryar da kanta, ta bi iyakar gonar tana tsiyayawa a hankali, busasshiyar ƙasa na shanyewa.

Nomau ya zo ya kama hannuna da nasa biyu, idonsa ya yi ja, yana ta sa mini albarka, ya ce ba don ni ba da ba a sami mai ɗaukowa ba. Wayata ta yi ƙara a aljihu, mutumin Agadas ne. Ya ce ya yi magana da na arewa, kowa ya tashi tsaye, yana hannuna?

Na dubi safar, akwai ɗan baƙin gari a kan yatsun. Na ce masa, "Ya dai taɓa zuwa hannuna." Na kashe wayar, na ja gefe don in ba masu yankan shinkafa hanya.